Aljihun Ƙarƙashin Hammata

An ce wai a wani gari na bakin kogi an yi wani mai wanki da guga, sunansa Jatau. Mutum ne mai hira da tufafi. In ya shanya riguna iska ta shige su suka kumbura, sai ya zauna yana kallo, yana cewa ga masu su nan sun fito yawo ba kawunansu.

Al'adarsa ce ba ya jiƙa tufa sai ya lalube aljihunta. Wata safiya, cikin wankin wani attajiri, Alhaji Mantau, ya ɗago wata baƙar kwat, ya ji ta rinjaya gefe guda kamar tsuntsu mai karyayyen fiffike. Da ya laluba sai ga ɓoyayyen aljihu a ƙarƙashin hammatar hagu, da ƙaramar bindiga kwance a ciki, sanyi ƙalau.

Ya naɗe kwat ɗin zai mayar wa mai ita, 'yan sanda suka tare shi a kan gada, suka bincike shi, suka ga bindigar, ya ce musu ta Alhaji Mantau ce. Aka kai shi gaban Alƙali Sambo, aka kirawo Alhaji Mantau. Duk wanda bindigar ta tabbata tasa ce, a gidan yari zai tsufa.

Alhaji ya ce, "Allah ya gafarta Malam, wa ya taɓa ganina da kwat? Ni da babbar riga aka san ni. Wannan da ke zance da wanduna, shi za a yarda da shi?"

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙarƙashin rigar yake sa ta. Amma shaidata igiyar shanya ce, ita kuwa ba ta magana."

Aka yi dariya. Alƙali ya lumshe ido har aka zaci barci yake. Jatau ya zuba wa ƙurar da ke yawo cikin hasken taga ido, yana tunanin wa zai kwashe masa shanya in hadari ya taso. Can Alƙali ya yafito dogari, ya raɗa masa magana, sannan ya shiga tambayar Alhaji labarin fataucinsa, har hankalin Alhaji ya kwanta.

Kwatsam dogarin ya saki babban farantin ƙarfe a bayansu. Ƙararsa ta cika zauren. Jatau ya rufe kai da hannu biyu, ya ce, "Wayyo Inna!" Alhaji kuwa hannunsa na dama ya kutsa cikin riga, ya tsaya cak a ƙarƙashin hammatar hagu.

Alƙali ya ce, "Tsaya haka, Alhaji, kada ka zare. Aljihun babbar riga a ƙirji yake. Me hannunka ya je nema can?"

Alhaji ya dubi hannunsa kamar na wani ne.

Alƙali ya ce, "Ranar tsoro kowa wurin abin dogaronsa yake gudu. Wannan ya kira mahaifiyarsa, kai ka nemi ƙarfe. Jatau, tashi ka tafi, babu laifi a kanka. Dogari, riƙe Alhaji."

Jatau ya fita, ya bi bakin kogi har gida.

Shi ya sa masu hikima suka ce, ana koya wa harshe ƙarya a wuni guda, amma hannu inda ya saba nan yake zuwa.