Gugan da Aka Ba Kura

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, muna ji.

Rijiyar dabbobi ta cushe. A majalisa awaki suka ce a yashe ta, tumaki suka ce a haƙa sabuwa. Kullum a taru a watse, ga ƙishirwa.

Sai shugabarsu Kura ta ce, "Ku ba ni guga kafin ku shirya."

Bushiya ta ce, "Ranki ya daɗe, yaushe za ki maido?"

"Ran da bakinku ya zo ɗaya."

Aka ba Kura guga, ta yashe rijiya, amma ba mai sha sai da izininta. Bushiya ta ruga majalisa: "'Yan uwa, mu karɓe gugan nan."

Awaki suka ce su za su riƙe. Tumaki suka ce atafau.

Ƙurunƙus kan kusu, guga na hannun Kura har gobe.