Likitan da ya ɗauki ganye ya bar saiwa

Don Allah wanda ya gane rubutuna ya rufa mini asiri, kada ya faɗi sunana. A ajinmu na Lahadi a coci malamai ne ke kawo misali, ni kuwa ko firamare ban gama ba. Amma abin ya hana ni sakat, sai na rubuta.

Akwai wani mutum, likita ne daga ƙasar Faransa, mai son sanin tsiro. Ba ya iya zama wuri ɗaya. Yau yana kan dutse, gobe yana cikin fadama. Duk ganyen da ya gani sai ya tsinka, ya sa tsakanin takardu, ya danne da katako har ya bushe, ya rubuta masa dogon suna.

Wata damina zazzaɓi ya kayar da shi a wani ƙauye. Maganin akwatinsa ya ƙi ci. Sai wata tsohuwa ta dafa masa wani tsiro, ya sha, ya tashi.

Ta ce, "Ɗana, zauna kwana uku. Zan kai ka inda yake fitowa, ka ga yadda ake yi."

Ya ce, "Iya, kwana uku? Akwai dajin da ban shiga ba tukuna. Ba ni ganyen kawai."

Ta ce, "Kai dai ƙafarka ƙaiƙayi take yi. Ungo."

Ya danne ganyen, ya sa masa suna, ya wuce.

Bayan shekara biyu, da rani, wannan zazzaɓin ya kama matarsa. Ya buɗe takardunsa, ga ganyen nan tsaf da sunansa. Ya dafa ya ba ta. Shiru. Ashe saiwar tsohuwa ta dafa masa, shi bai tsaya ya gani ba.

Ya hau doki ya koma ƙauyen, aka ce ai Iya ta rasu tun bara. Ya shiga daji yana dube-dube kamar zai haukace. To da rani tsiron ba ya da ganye, saiwa ce kawai a ƙasa. Shi kuwa ganye kaɗai ya sani. Wataƙila ma ya yi ta taka ta. Da ya dawo gida, ya tarar an binne matar.

To ga ma'anar misalin nan. Ganyen shi ne ayar da muke haddacewa. Saiwar ita ce sanin Ubangiji da kansa, kuma ba a samunta da gudu, sai an zauna. Likitan mu ne. Kai, bari in faɗi gaskiya, ni ce. Aya arba'in ke kaina, ana tsayar da ni gaban aji ana tafa mini. Amma ran da aka kwantar da babana a asibiti, mamata ta ce, "Ke mai ayoyi, yi mana addu'a." Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Har yau yana kwance.

Ku da kuke da sauran lokaci, in an ce ku zauna, ku zauna. Ni yanzu nake koyo, kullum da safe bayan ɗakin girki, ko ban san me zan ce wa Ubangiji ba ina dai…

Wani na taɓa ƙofa. Bari in ɓoye takardar nan.