Baƙin Yashin Gidan Maƙera

A zamanin da, an yi wani sarki wanda ko allura a ƙasarsa sai fatake sun kawo daga ƙetaren kogi. Wazirinsa Tanimu, da yake yana samun rabonsa wurin fataken, shi ya hana narka tama a ƙasar. Duk maƙerin da ya gina murhun narka tama sai a sare masa hannu. Haka aka yi wa Bawa, mijin Yalwa.

Ana nan, sarkin ƙetare ya rufe hanya, sannan ya kawo yaƙi. Wayyo, ranar ba ta faɗuwa! Takubban da aka saya suna ta karyewa a hannun maza, ana yanka su kamar raguna, har kogi ya yi ja. Sarki ya sa aka yi shela: bayan kwana bakwai sauran mazaje za su fita, ko da sanda ne. Cikinsu har da Jatau, ɗan Yalwa tilo, magidanci mai 'ya'ya biyu.

Yalwa ta kasa cin tuwo. Ta ɗebi baƙin yashin rafi da matan maƙera ke goge tukunya da shi, ta kai fada, ta faɗi ta yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ƙarfen da ake nema ga shi. Mu mata kullum muna wanke-wanke da shi."

Waziri ya tuntsire da dariya. "Tsohuwa, da dattin tukunyarki za mu yi yaƙi? A sare kanta!"

"A sare, amma a bari a hura wuta tukuna."

Sarki ya yarda. Aka gina murhu, aka zuba yashin a ciki. Bawa ya zauna da dungunsa yana ba da umarni, mata na zuga, Jatau na dukan ƙarfe. Rana ta shida aka kawo takobi fada, baƙi, ba ado.

Sarki ya ce, "Waziri, kai ka zaɓo mana ƙarfen ƙetare. Zare naka ka tare."

Jatau ya kai sara ɗaya da baƙin takobin. Takobin Waziri ya rabe biyu, saran ya wuce har wuya. Jini ya fantsama a kan buzun sarki, ba wanda ya motsa.

Sarki ya ɗaga ranar fita, aka gina murhu arba'in. Da aka gwabza, mutanen ƙetare suka gudu suka bar gawawwakinsu, kuma tun daga ranar nan ƙasar ba ta sake sayen ƙarfe ba.

Jatau ya dawo babu kunne ɗaya. Yalwa ta shafa wurin, ta ce, "Ɗayan ya isa ka ji kirana. Shigo ka ci abinci."