Lambar Da Ba Ta Dawo Ba

Akwai wani mutum mai suna Darhan, a wani ƙauyen Kazakistan da ke gindin tsohuwar mahaƙar ƙarfe. Irin masu ƙaiƙayin ƙafar nan ne, ko shayi a tsaye yake sha. Tun da ya dawo daga birni da kyamara, ba abin da ke ransa sai shiga ramin nan da aka daina aiki a cikinsa shekara talatin.

A bakin ramin akwai wani ɗaki da rabin rufinsa ya zube. Nan tsohuwa Kulash, wadda 'yan ƙauyen ke kira Apa, wato kaka, ke wuni tana saƙa, awakinta na kiwo. Zamanin da ake aiki, ita ce mai raba wa ma'aikata fitilu. Har yau allonta na nan, ƙusoshi a jere, an rataye musu lambobin tagulla. Mai shiga ya ɗauki lamba, in ya fito ya mayar. Duk ƙusar da aka gani wayam, mai ita yana ƙasa.

Da hantsi Darhan ya zo wucewa, ta ce, "Ɗana, ɗauki lamba."

Ya bushe da dariya. "Haba Apa! Kamfani ya mutu, manyansa sun mutu, ke kaɗai ce ba a gaya wa ba? Ga kamfas mai nuna mini gabas da yamma, ga tocila. Kafin shayinki ya huce na fito."

"Shayina ya saba hucewa," in ji ta, ta cusa masa lamba a aljihu.

Ciki kuwa sai abin da ido ya gani. Taragai sun yi tsatsa a kan dogo, ga takalmin wani ƙafa ɗaya, jan ruwa na ɗiga daga sama. Duk kwanar da ya sha sai ya ce bari ya leƙa ta gaba.

Da ya tashi juyowa ya ciro kamfas, sai ga allura na rawa. Dutsen tama ke janta ta kowane gefe. Makiyayan ƙauyen ma sun san da wannan, gwanin birni ne kawai bai sani ba.

Ya bi nan, ya bi can. Sau uku yana dawowa kan takalmin nan. Tocila ta fara ja. Ya kwarara ihu, ramin ya maido masa da abinsa. Ga shi matarsa ma kasuwa ya ce mata za shi. Tsoro ya kama shi, ƙato guda ya zauna yana kuka.

Can sai ya ji ƙwang, ƙwang, ƙwang. Ya ɗora hannu a kan dogo, ya ji ƙarfen na motsi. Haka ya yi ta rarrafe, yana bin inda ƙarar ta fi ƙarfi, har ya hango haske.

La'asar ta yi sakaliya. Tsofaffin ma'aikata huɗu ne ke karɓa-karɓar guduma suna dukan dogo. Kulash ce ta bi su gida-gida da ta ga ƙusarsa har yanzu wayam.

"Sannu da zuwa, injiniya!" in ji ɗayansu. "Kamfas ɗin ne ya fito da kai?"

Kulash ta miƙo hannu. Ya ba ta lambar, ta rataye. Nan idonsa ya kai kan wata ƙusa a can sama, ita ma wayam.

"Apa, da saura a ciki! Ku ci gaba da bugawa!"

Tsofaffin suka sunkuyar da kai.

"Ta mijina ce," in ji ta. "Ranar da ya shiga ramin, zazzaɓi ya kwantar da ni. Ba wanda ya duba allon sai washegari."

Ta koma kujerarta ta ɗauki saƙarta, fuskarta na kallon bakin ramin.

Darasi: Kada ka raina ƙa'idar da ka tarar don ba ka san dalilinta ba, wata da ran mutum aka saye ta. Ku tura wa duk wanda kuka san ba ya jin maganar manya.