Hoton Da Aka Goge

An yi wani mutum, wani bawan Allah mai ɗaukar hoto, ana ce masa Malam Gambo. Kullum sai ya rufe shagonsa da wuri ya tafi sansanin 'yan gudun hijira, yana koya wa yara sana'arsa. Kyamara ɗaya tal gare shi, ita ma ta tsufa, da roba ake ɗaure murfinta. Yara talatin, kyamara ɗaya! Dokar da ya kafa musu ma ɗaya ce: kada a ɗauki kowa sai an tambaye shi.

To, ku saurara. Ran nan wata ɗalibarsa, Falmata, ta ɗauki hoton wata tsohuwa mai suna Ya Kolo a layin rabon abinci, kwano a hannu, hawaye na zuba. Wasu baƙi daga birni suka ga hoton, ya tsaya musu a rai. Suka ce a ba su su baza shi duniya, su kuma su kawo sababbin kyamarori goma.

Goma fa, jama'a! Malam Gambo ya dubi tasa mai roba, ya haɗiye yawu. Sai ya ce, "Falmata, kin tambaye ta?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a, Malam."

"Taso mu je."

Suka iske tsohuwar a bakin tantinta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya nuna mata hoton. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗana, a garinmu ni ke ciyar da mutane. Tukunyata ba ta sauka daga murhu. Yanzu haka za a san ni?"

Bai roƙe ta ba. Bai ma ambaci kyamarorin ba. Ya miƙa wa Falmata kyamarar ya ce, "Goge da hannunki." Ta goge tana kuka. Baƙi suka tafi da kayansu, ba su dawo ba.

Ranar Juma'a Ya Kolo ta aika aka kira su. Ta ɗaura zanin da ta gudo da shi, ta sa kwalli, ta gyara zama. Ta ce, "'Yata, yanzu ɗauke ni."

Wallahi mutumin nan yana burge ni. Ya rasa kyamarori goma, amma ya koya wa yara talatin cewa mutuncin mabuƙaci amana ne. Mu fa? Mudu ɗaya za mu bayar, waya na sama tun kafin hannu ya miƙa. Mu ji tsoron Allah. Wanda ya rasa gida bai rasa kunya ba. Kafin ka ɗaga waya, ɗan'uwa, tambayi mai fuskar.