Tatsuzo, Mutumin Da Sana'arsa Mutuwa Ce

Akwai wani dattijo a birnin Kyoto, sunansa Tatsuzo. Shekara talatin yana fitowa a finafinan samurai, wato mayaƙan takobi na zamanin dā, kuma aikinsa ɗaya ne: jarumi ya sare shi da takobi, ya faɗi matacce.

Bai taɓa raina aikin ba. In ya dawo gida, matarsa Otoki takan tare shi da shayi tana dariya.

"Maigida, yau sau nawa ka mutu?"

"Sau huɗu. Biyu a cikin kogi, ga kayana nan sharkaf."

Sai aka kawo sabon jarumi, Shinnosuke, kyakkyawa mai ji da kansa. Rana ta farko ya dubi Tatsuzo sheƙeƙe ya ce, "Tsoho, in na sare ka ka faɗi kawai. Wannan murɗe-murɗen naka yana tare min kyamara." Bai tsaya nan ba, sai da ya sa aka cire shi.

Abin ya yi wa Tatsuzo zafi, amma ya sunkuya ya yi sallama, ya koma gida yana kula da lambunsa.

Da aka kalli abin da aka ɗauka, darakta ya dafe kai. Waɗanda aka sa a madadin Tatsuzo suna zubewa kamar buhunan shinkafa.

"Takobinka ya zama sanda," in ji darakta ga Shinnosuke. "Mai faɗuwa shi ke sa mutane su yarda kana da kaifi. In haka za mu ci gaba, gara in nemi wani jarumin."

Da safe Shinnosuke ya iske Tatsuzo yana ban ruwa. Ya durƙusa har goshinsa ya taɓa ƙasa.

"Malam, na yi wauta. Ka yafe min."

Tatsuzo ya ɗago shi. "Tashi, ɗana, za ka tattaka min albasa. Ɗauki sandar nan ka sare ni in ga hannunka."

Tatsuzo ya koma bakin aiki, fim ɗin kuma ya karɓu ƙwarai. Aka naɗa Tatsuzo malamin faɗan takobi na kamfanin da ke shirya finafinan. Shi kuwa Shinnosuke, har ya tsufa, da zarar an tsayar da kyamara sai ya miƙa hannu ya tayar da duk wanda ya sara.

Darasi: Kada ka raina wanda yake ƙasa da kai a wurin aiki, wataƙila shi ne ya ɗaga ka mutane suka gan ka. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.