Motar Shekarau da Azumin Wata Biyu

Ku matso, ku duka. Ladidi, kife wayar nan. Kun girma kun haifa, yau ina son in ga ko kun yi hankali.

An yi wani bakanike, Shekarau, da ya shekara goma sha ɗaya yana haɗa mota da hannunsa a bayan ɗakinsa. Inji daga wata, ƙafafu daga wata, jikin kuwa shi ya buge da guduma. Abu ɗaya ya rage: fistin, ɗan ƙarfen nan da ke tura mai a cikin tukunyar birki. Na kasuwa duk sun ƙi zama, sai dai a sassaƙa sabo. Dokarsa kuwa 'ya'yansa uku sun haddace ta: tsakanin fistin da tukunya gashi guda ya shiga, amma in reza ta shiga, a jefar.

Sai ciwo ya kwantar da shi, likita ya ce kwanaki suka rage. Tsohon ba abin da yake roƙo sai a kai shi gonarsa ta hayin rafi a motarsa, ko sau ɗaya.

Tanimu, ɗansa na tsakiya, shi ke da injin sassaƙa ƙarfe a birni, tafiyar yini guda. Babbansu Barau ya kawo masa awo. Bai ciro tukunyar ba, don kullum sai an ɗaga Baba ya leƙa motar ta taga, Barau kuma ba ya son ya gan ta a farke. Sai ya yi yadda aka saba a garinsu: ya karya tsinken tsintsiya daidai faɗin ramin, ya soke a hula. A hanya bakin tsinken ya ɗan gutsure.

Tanimu ya ga gutsuren. Ya kuma san ba a sassaƙa fistin sai tukunya na gefe ana gwadawa, don haka ya ce a koma a ɗauko ta. Barau ya ce, "Kwana biyu ke nan fa, Tanimu. Ka tabbata yana da kwana biyu?" Tanimu ya kunna inji, ya cike gutsuren da ido. Idon bai kai ba.

Da suka kawo fistin gida, ƙaninsu Jatau, direba, shi ya ɗaura, lokacin Tanimu na ciki yana sa wa uban riga. Ya zura reza, ta shige har tana wasa. Baba ya ɗaga murya daga ɗaki yana tambaya ko fistin ya zauna. Jatau ya ce eh, ya zauna. Ya naɗa zaren ɗinki a ƙarƙashin robar fistin ɗin don ta cika, ya taka birki sau ashirin, ya ji tauri.

Da hantsi suka fita, Tanimu na baya yana tallafe da uban. Tsohon da ya yi wata bai yi dariya ba, yana ta ɗaga wa mutane hannu, yana cewa a gaya wa masu kiransa mahaukaci su fito su gani. A gangaren rafi mai ya tsiyaye, birki ya tafi ƙasa, motar ta daki ginshiƙin gada. Su uku ƙujewa kawai suka yi. Shekarau ya cika a hannun Tanimu, ana hango dawar gonarsa.

Bayan sadakar bakwai suka je wa liman. Ya ce wanda ya yi sanadin rai bisa kuskure, azumin wata biyu a jere na kansa, sai su faɗa masa ko wane ne. Ba wanda ya tura wa ɗan'uwansa. Barau ya ce shi ne, shi ya kawo tsinke, shi ya hana a koma. Jatau ya ce shi ne, ya ga reza ta shiga ya yi wa Baba ƙarya. Tanimu, wanda har yau bai sake kunna injinsa ba, ya ce, "Ni kaɗai na san ƙarfe a cikinmu."

Kada wanda ya ce mini kwana ne ya ƙare, na riga ku sanin wannan, na binne miji. Kada kuma ku ce su yi su uku don ku huta. Ku yanke mini kafin tuwo ya sauka: mai tsinke, mai inji, ko mai zare, wane ne azumin ya hau kansa?